Ziyarar gidajen masu ƙananan jiragen ƙasa: bas zan bi ko motata, ga Baba da ciwon gwiwa?

Ɗan Reluwe: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini. Bana babban taron NMRA, ƙungiyar masu haɗa ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo ta Amurka, ya zo kusa da mu, tafiyar awa huɗu a mota. Shekara uku ke nan ina haɗa ɗan nawa layin a gareji, amma ban taɓa shiga gidan wani na ga nasa ba. Ziyarar gidaje da kulob-kulob iri biyu ce: akwai wadda ake kwasar mutane a bas, ka sayi tikitinta daban bayan kuɗin rajista, akwai kuma wadda za a ba ka adireshi da lokacin da mai gida zai buɗe ƙofa, ka kai kanka.

Ga inda gizo ke saƙar. Baba ya zo mana daga Zariya. Shekara 31 ya yi yana aikin reluwe, yanzu yana da 74, gwiwarsa ta hagu ba ta shiri da matakala. Tunda ya ga abin da ke garejina ya ce ƙafata ƙafarsa. Kwana biyu kacal na samu a wurin aiki, abin da na ware wa ziyarar kuma bai wuce dala 200 ba, mu biyu. Wanda ya taɓa zuwa da dattijo, wanne ya fi? Gida nawa za mu iya gani a yini ba tare da na wahalar da shi ba?

Bakanon Hambug: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, in jirgi kake son Baba ya gani, ka kawo shi Jamus. Miniatur Wunderland, gidan baje kolin ƙananan jiragen ƙasa da ke Hambug, tun 2001 aka buɗe shi, har filin jirgin sama gare su mai jirage na tashi da sauka, duk minti 15 dare ya yi gari ya waye. Wanda ya ga wannan ba zai ƙara leƙa garejin kowa ba.

Ɗan Reluwe: Yaya, dala 200 na ce, kuma kwana biyu.

Abu Maryam: Bas. Ka zauna a kai ka, a dawo da kai. Dala 30 na biya, gida huɗu.

Na-Teksas: Dala 30 a wace shekara? Ni 65 na biya mutum ɗaya, kuma gida uku ne da kulob ɗaya.

Malam Na-Ohayo: Ban so na yi magana ba, amma tunda akwai dattijo a tafiyar, shiru bai kamace ni ba. Kada ka kai kanka. Shekara huɗu da suka wuce na je wani ƙaramin taro na yanki, ni da ɗana, lokacin yana shekara tara. Aka ba mu takarda mai adireshi 11. Gida na farko da na biyu lafiya lau. Na uku ashe an juya lambobi biyu wajen bugawa. An ce kowane mai gida zai kafa alamar mahaɗar jirgi, farin gicciyen nan, a bakin ciyawarsa. Na duba ban gani ba. Unguwa ce tsit, irin wadda kowa ya san motar kowa. Na zagaya sau uku a hankali ina leƙen lambobi, daga ƙarshe na tsaya na ƙwanƙwasa ƙofar da takarda ta ce. Wata mata ta ɗaga labule ta kalle ni ta saki. Kafin na tada mota 'yan sanda sun iso.

Kusan minti arba'in muka yi a bakin titi, hannuwana a kan sitiyari, yaro na kuka a baya. Bajon taron na rataye a wuyana, takardar na kan kujera, sai da suka kira lambar masu shirya taron kafin su sake mu. Gidan da muke nema yana can ƙarshen layin, gida takwas tsakani. Ban shiga ba, otal na koma. Da na kai ƙorafi washegari, abin da aka ce mini shi ne kuskuren bugu ne, kuma sauran baƙi duk sun gane gidan. Sauran baƙin ba kalata ba ne, ba wanda ya kira musu kowa. Abin da ya fi ci mini rai, yaron nan shi ke fentin taragai da ni duk Asabar. Tun ranar bai ƙara sauka ɗakin jiragen ba. Yanzu shekararsa 13.

Uwar 'Yan Biyu: Innalillahi. Malam, Allah ya huci zuciyarka, Allah ya shirya mana yaran.

Abu Maryam: Amin. Ka ga abin da na faɗa ke nan, bas.

Alhaji Mai Kwal: Malam, abin da ya same ka babu daɗi, kuma ba na musa ko kalma ɗaya. Amma kada tsautsayin rana ɗaya ya rufe wa yaron nan ƙofa. Tun shekarun 1990 nake shiga gidajen mutanen nan da motata. A bas, ku arba'in ne, a raba ku biyu, rabi su sauka ƙasa rabi su tsaya a tsakar gida suna jira. Minti ashirin ko talatin a ce ku fito. Me ka gani? Ƙeyar wanda ke gabanka.

Da motata na je gidan wani tsoho da ya yi shekara kusan 40 yana gina garinsu kamar yadda yake yana yaro, har shagon askin da babansa ke kai shi. Da mutane suka ragu ya miƙo mini na'urar tuƙi, irin ta DCC da kowane kan jirgi ke da lambarsa, ya ce na kai taragan hatsi rumbu na dawo da waɗanda aka sauke. Awa biyu na yi. La'asar ta yi, matarsa ta buɗe mini ɗakin ɗinkinta na yi salla. Direban bas ba zai jira ka idar da raka'a huɗu ba.

Malam Na-Ohayo: Alhaji, kai ka dace. Dacewarka ba za ta tare wa wani 'yan sanda ba.

Alhaji Mai Kwal: Kai sau ɗaya ka je, kuma ƙaramin taro. Ni na ƙirga sama da gida 60.

Malam Na-Ohayo: Sau ɗayan ya ishe ni, kuma da yaro na je kamar yadda shi zai je da mahaifi. Kai kullum kai kaɗai kake tafiya. A cikinmu wa ya fi kusa da halin da yake ciki?

Bakanon Hambug: Ku yi haƙuri manya. Ni dai abin da na lura, Bazazzagi ko Amurka ka kai shi sai ya tambayi hanyar reluwe. Ɗan Reluwe, ka tabbata Baba bai karɓe wa mai gida tutar ba da hannu ba.

Ɗan Reluwe: Gara mu, Bakano yana shiga zai fara taya kan jirgin, ya ce nawa za a bar masa na ƙarshe.

Uwar 'Yan Biyu: Ku bar wasan Kanawa da Zagezagin nan, ba wanda ya amsa masa zancen gwiwa. Na raka maigidana sau biyu, na biyun ina da tsohon ciki, saboda haka matakala na sa wa ido. Ƙanina, ka koma bayanin kowane gida ka karanta a tsanake, yawanci suna rubuta ko akwai matakala, ko keken guragu na shiga. Abu na biyu da ba a cika faɗa ba: wasu shimfiɗun layin jirgin sun zagaye ɗakin gaba ɗaya, sai ka sunkuya ka bi ta ƙarƙashin katako kafin ka shiga tsakiya. Baba ba zai iya ba, ni ma waje na tsaya. Ka nemi masu gadar da ake ɗagawa. Kulob ya fi gida sauƙi, hanyoyinsa sun fi faɗi kuma ana samun kujera. Gida uku da kulob ɗaya ya ishi dattijo a yini.

Sannan ka faɗa masa tun a mota, ba a taɓa komai, ko bishiya ce ta karkace. Babbar riga ma a bar ta a otal. A gabana hannun rigar wani ya share sandar sigina, mai gidan ya ce ba komai, amma na ga fuskarsa. A sa hannu a littafin baƙi, a yi godiya. Wasu gidajen da karnuka, ka tambaya kafin ku shiga saboda tufafin salla.

Na-Teksas: Hajiya ta yi gaskiya, amma ya danganta da jiha. Na halarci na 2023 a Grapevine kusa da Dalas. Gidajen Teksas galibi ba su da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, sai gareji ko ɗakin sama ko wani gini a bayan gida. Matsalarmu zafin Agusta ne. Can arewa, su Ohayo da Mishigan, kusan kowa ƙasa yake sauka.

Abu Maryam: To ni dai 30 na biya, rasit ɗin na nan.

Uwar 'Yan Biyu: Mu 80 kowanne, amma yini guda ne da abincin rana a ciki. Abincin ma naman alade ne a burodi, ayaba muka ci.

Alhaji Mai Kwal: Na kai-da-kanka sau tari ba a biyan komai sai mai. Ku lissafa.

Sabon Shiga: Ni ban taɓa zuwa taro ba, amma na ga bidiyon na San Diyego, gidan tarihin da ke Balboa Park, inda suka haɗa hawan Tehachapi, dogon jirgi ya zagayo ya bi ta saman wutsiyarsa. A ganina kulob kawai za ku je.

Abu Maryam: Wanda bai taɓa zuwa ba shi ma ya ba da fatawa.

Sabon Shiga: Kai da ka je, ban da "bas" da "dala 30" me ka ƙara mana?

Ɗan Reluwe: Na gode ƙwarai, musamman Hajiya. Malam Na-Ohayo, labarinka ya hana ni barci. Na karanta wa Baba duka, ya yi shiru, can sai ya tambaye ni ko a cikin gidajen akwai mai irin layinmu. Na ce babu. Ya ce to duk wannan taron ba wanda ya san layin Ƙauran Namoda da ya rabu daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau?

Alhaji Mai Kwal: Ka gaishe da Baba, ka ce ya sosa mini inda ke mini ƙaiƙayi. Shekara da shekaru ina neman kan jirginmu a kanti ban samu ba. Tsohon layinmu faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, milimita 1,067. A sikelin HO, kashi 1 cikin 87, ya kama milimita 12 da ɗoriya, layin HO na kanti kuwa 16.5 ne. Sai dai ka ari layin TT, sikelin da ya fi HO ƙanƙanta, mai milimita 12, taragai kuma ka sassaƙa da hannunka. Sabon layi irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ne ya dace da layin kanti, shi milimita 1,435 ne.

Bakanon Hambug: Ni dalar gyaɗa nake mafarkin haɗawa, da taragai a gindinta. Jirgi ya iso Kano tun 1911, amma ka nemi hoton da zai nuna maka tsarin layukan cikin tasha ka gani.

Alhaji Mai Kwal: Nan baƙin cikina yake. Tsohon da na ba ku labari, akwati guda ya fito mini da shi: zanen tasharsu, jadawalin jirage, hoton kowane rumbu. Mu fa? Ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, mai ƙafa 2 da inci 6, an rufe shi a 1957, yau yara nawa suka san an yi shi? Da na je gida bara na nemi tankin ruwan da nake gani ina yaro a wata ƙaramar tasha, aka ce 'yan jari bola sun yanka sun auna a kilo.

Uwar 'Yan Biyu: Ba 'yan jari bola kaɗai ba, Alhaji. Kakana ma'aikacin tasha ne a Kafanchan. Da ya rasu aka fitar da takardunsa, mai ƙosai ta naɗe su ɗaya bayan ɗaya. Mu da kanmu muka ba ta.

Na-Teksas: Ga gori kuma. Na tura wa 'yan gidanmu hoton layina, yayana ya ce gemai-gemai da ni ina wasan yara da dala. Shi ne fa ya koya mini motar kara da ta langa-langa a Fagge.

Malam Na-Ohayo: Ɗan Reluwe, in ka nace sai motarka, kada ka fita daga cikinta sai ka kira mai gidan ya fito bakin ƙofa ka gan shi da idonka. Gidan da ba a ba da lambar waya ba, ka tsallake shi.

Ɗan Reluwe: In sha Allahu, Malam. Har yanzu ban sayi tikitin ba, gobe ake rufe sayarwa, kuma bas ɗin da ke zuwa kulob ɗin da Hajiya za ta so saura kujera kaɗan. Baba kuwa tun bayan isha'i ya karɓi takarda da biro yana zana layukan tashar Zariya yadda ya san su, ya kai shafi na uku. Ya ce a tambayi Alhaji, tankin da aka yanka na wace tasha ne?

Alhaji Mai Kwal: Zan kira shi da kaina, ba maganar rubutu ba ce. Kada ka bari zanen nan ya ɓace, ka ɗauki hotonsa yau. Bakano, kai da ke Turai, layin TT nawa ake sayar da mita a wurinku? Wanda ya kawo mini na ƙarshe ina zargin ninki ya yi mini.