Kunna wa jama'a Thor: Ragnarok alhali ba su ga na baya ba

Mai Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu kunna wa jama'a fim a gidan kallo ko a gida, ku taimaka da abin da kuka lura da shi. Idan aka saka Thor: Ragnarok na 2017 ga waɗanda ba su kalli na baya ba, a ina kansu yake ɗaurewa, kuma me ya kamata a fara nuna musu?

Mai Majigi: Wa alaikumus salam. Tun farko-farko ake rasa su, wurin da Thor ya dawo ƙasarsu Asgard ya tarar da mahaifinsa sarki Odin a kishingiɗe yana kallon wasan kwaikwayo, can sai Odin ɗin ya rikiɗe ya koma Loki, ƙanin Thor na riƙo. Tushen wannan yana cikin Thor: The Dark World na 2013. A can Loki ya yi mutuwar ƙarya, ya ɗauki siffar Odin ya haye karagar mulki. Ba sai ka kunna fim ɗin duka ba. Nuna musu wurin mutuwar Loki da fitowar ƙarshe ta fadar sarki, ya wadatar. Sai kuma Hulk: za a tambaye ka me ya kai shi duniyar Sakaar. Amsar tana ƙarshen Avengers: Age of Ultron na 2015, inda ya shiga jirgi shi kaɗai ya ɓace. Shi ya sa Banner, mutumin da ke rikiɗewa ya zama Hulk, yake ruɗewa da aka ce masa shekara biyu ya yi a jikin Hulk.

Ɗan Bayan Allo: Malam, ka manta Doctor Strange. Ba ya daɗewa a fim ɗin, amma duk zama sai wani ya ce wane ne wannan mai alkyabbar. Ce musu matsafi ne da ke gadin duniya daga birnin New York, ka wuce. Kada ka buɗe bayanin duwatsun iko shida na fina-finan Marvel, labarin bai dogara da su ba, kuma in ka fara ba za ka gama ba.

Malamar Adabi: Ni inda na fi ganin gardama shi ne idan akwai wanda ya karanta tatsuniyoyin asali na mutanen Arewacin Turai. Ku gaya musu tun da wuri cewa fim ɗin daga mujallun zane na Marvel ya fito, inda Thor ya fara bayyana a 1962, ba daga littafin da Snorri Sturluson ya rubuta a Iceland wajajen 1220 ba. A tatsuniyar, Loki ba ɗan riƙon Odin ba ne, aminin da suka haɗa jini ne. Hel 'yar Loki ce, 'yar uwar kerkeci Fenrir da macijin da ya naɗe duniya, amma fim ya mai da ita Hela, 'yar farin Odin kuma yayar Thor. Yaƙin ƙarshen ma daban yake: Fenrir ne ya haɗiye Odin, Thor ya kashe macijin ya yi taku tara dafi ya kayar da shi, Loki da Heimdall, mai gadin Asgard, suka kashe juna. Gudumar Thor da Hela ta farfasa da hannu ɗaya kuwa, a tatsuniya ba ta fashe ba, 'ya'yan Thor ne suka gaje ta. Abin da ya yi kama sosai shi ne wutar ƙaton nan Surtur da ta cinye komai. Sakaar ba ta cikin tatsuniya ko kaɗan, daga labarin Planet Hulk na 2006 aka aro ta. In akwai yara, a fayyace musu cewa waɗannan abubuwan bautar maguzawan can ne na da, an mai da su 'yan wasa.

Mai Majigi: Gaskiya ne Malama. A ƙara da cewa ana shan giya a fili, kuma akwai wurin da Hulk ya fito daga wanka ba sutura. Mai kunna wa iyali ya riƙe rimot a hannu.

Injiniyan Sauti: Ƙorafin da ya fi yawa shi ne kiɗa da ƙarar faɗa sun danne magana. Dalili: sautin 5.1 ne, muryoyi na bi ta lasifikar tsakiya, kai kuma biyu gare ka. Shiga saitin sauti ka mai da shi sitiriyo, in talabijin ɗin na da yanayin dare ka kunna. Wannan fim barkwancinsa a baki yake, musamman na Korg, wanda darakta Taika Waititi ya yi wa murya da karin harshen New Zealand, don haka ka saka rubutun ƙasa. In rubutun ya riga magana ko ya makara, a VLC, manhajar kunna bidiyo ta kwamfuta, maɓallan G da H suna matsar da shi, kowane dannawa milisakan 50. In kuwa tazarar ƙaruwa take yi yayin da fim ke tafiya, saurin hoton ne bai zo ɗaya ba, wato hoto 23.976 da 25 a daƙiƙa, sai dai ka sauya fayil ɗin rubutun. Baƙin layin sama da ƙasa ba matsala ba ne, kada ka ja hoton ya cika allo, za ka yanke gefe.

Ɗan Bayan Allo: Tsawonsa minti 130 ne, ka tanadi man janareto na awa biyu da rabi saboda gutsattsarin da za ka fara nunawa. Kada ka kashe da zarar sunaye sun fara hawa. A tsakiyarsu ne katon jirgi yake tare jirgin mutanen Asgard, kuma daga nan Avengers: Infinity War na 2018 ya ɗora. Wanda ya lura da yadda Loki ya tsaya yana kallon Tesseract, shuɗin akwatin da ke ɗauke da ɗaya daga cikin duwatsun shida, a taskar Odin zai gane abin da ya jawo jirgin.

Mai Tambaya: Na gode ƙwarai. To na farkon, na 2011, a bar shi ke nan?

Mai Majigi: A bar shi in lokaci ya ƙure. Abu ɗaya za ka faɗa da baki: Loki ɗan sarkin ƙattin ƙanƙara ne, Odin ya tsince shi yana jariri ya raine shi tare da Thor.