Dan Allah wane abincinmu na lokacin sanyi zan kai wa maƙwabta ranar cin talo-talo?

Maman 'Yan Biyu:

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema kuma da ɗan gaggawa. Ina Kolombus ne a jihar Ohayo ta Amurka, na biyo maigida da yake karatu, to yanzu sanyi ya shigo mana sosai ganyen bishiyoyi duk ya kakkaɓe, biyar da 'yan mintuna an yi magariba. Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba ita ce ranar godiyarsu da suke kira Thanksgiving, kowa ya koma gidan iyayensa a gasa talo-talo a ci. Maƙwabciyarmu wata dattijuwa ce mai kirki wlh, tun da muka zo take ɗawainiya da yarana, ita ta gayyace mu tace kowa zai zo da kwano ɗaya, ni kuma ta roƙe ni in kawo irin abincin da muke ci a gida in sanyi ya shigo, wanda in mutum ya ci ransa ke yin sanyi ya tuna gidansu.

Ni abinda ya faɗo min ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka a zuba man shanu da yaji, to amma ai ba a kai wa mutane ɗumame, kuma miya mai yauƙi ba kowa ke iya ci ba. Maigida yace in yi jalof kawai in huta, ni kuma jalof biki take tuna min ba sanyi ba. Me kuke ganin zan kai?

Sai na biyu, ta tambaye ni ko mu ma muna da ranar da muke warewa abinci in an gama girbi. Su nan abin har ya yi yawa, 3 ga Nuwamba wai ranar sanwici ce, wata ranar ta kek, haka dai. Nace mata muna da sallah amma raina bai gamsu da amsar ba. A birni na taso, masu sanin gargajiya ku taimaka min.

Hajiya Babba ta Fagge:

Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya raya 'yan biyu. Kar ki wahalar da kanki da dogon tunani, waina da miyar taushe za ki kai. Lokacin kabewa ne a nan, lokacinta ne a can, kinga ba za su ga baƙon abu ba tunda su ma sun san kabewa, sai dai su da suga suke cinta ke kuma za ki nuna musu yadda take a miya. Kuma waina ta fi tuwo sauƙin kaiwa taro, kowa ya ɗauki biyu uku da hannunsa ba sai an tsaya koya wa mutum yankan loma ba.

Ki jiƙa shinkafar tuwo tun daren talata ko da safiyar laraba, in gwangwani huɗu ce ki dafa rabin gwangwani daban ta yi luguf ta huce, ki haɗa ki markaɗa da albasa kaɗan, kar ƙullun ya yi ruwa tsululu kar kuma ya yi kauri kamar na ƙosai. Ki sa yis da ɗan suga ki rufe ki ajiye wuri mai ɗumi, a sanyinku sai kin ba shi lokaci sosai kafin ya tashi, in kin ga ya yi tsami da yawa ki jiƙa kanwa ki ɗan tsiyaya ruwan a ciki, gishiri sai za ki fara suya.

Miyar kuwa nama mai ƙashi take so, ko na rago ko ƙashin saniya mai ɓargo. Ki dafa shi da albasa da daddawa da citta har ya yi laushi, ki zuba kabewar da kika fere ta dahu a cikin romon ki farfasa ta da ludayi, sannan jajjagen tattasai da attarugu da tumatir, sannan niƙaƙƙiyar gyaɗa, ki rage wuta ki tsaya a kanta don gyaɗa na kama gindin tukunya in kika juya baya. Alayyahu da yakuwa su ne na ƙarshe, minti biyar ki sauke. Yakuwar nan kar ki raina ta, ita ke kashe zaƙin kabewa, taushen da ba ɗan tsami a ciki ni dai ban ɗauke shi taushe ba. Ki yi miyar ranar laraba ta kwana, ta fi daɗi washegari, wainar ce kawai za ki soya ranar ki jera a kula.

Tsohon Malamin Firamare:

'Yata tambayarki ta biyu ce ta sa na tsaya rubutu, don abin na damuna yadda yaranmu suka san ranakun wasu ba su san nasu ba. Muna da shi ƙwarai, sai dai mu ba rana ɗaya ba ce a kalanda, kaka ce gaba ɗayanta. Ni a ƙauye na tashi a ƙasar Katsina. Tun kafin a yanke gero yara ke fara tumu, a karyo zangarniyar da ta yi ido ba ta bushe ba a babbaka a wuta a murje a tafin hannu a hure ƙaiƙayin a watsa a baki da zafinsa, ƙamshin nan ba abinda na ci a birni da ya kamo shi. Daga nan sai cirar gyaɗa, kowane gida tukunyar dafaffiyar gyaɗa da gurjiya na kan murhu, sai roron wake, sai dawa ta biyo baya wajen Nuwamba zuwa Disamba lokacin da buji ya fara kaɗawa. Ga rake ga dankali ana turbuɗawa a toka da daddare ana hira a bakin wuta. Furar sabon gero daban take, tuwon sabuwar dawa daban yake, wanda bai yi kiba da kaka ba sai a ce a duba shi ko ba shi da lafiya.

In an gama ɗaure dammuna an kai rumbu sai a yi kalankuwa. Wannan shi ne bikin da za ki faɗa wa maƙwabciyarki. Samari da 'yan matan gari ke shirya shi, a gayyato na ƙauyukan kewaye, a yi kiɗa da dambe da kokawa a dandali, gidaje su yi ta fito da tuwo da fura da waina baƙo ya ci har ya ture. Maguzawa kuma suna da nasu shan kabewa duk a wannan lokacin, wanda ya haɗa da bori, shi ya sa musulmi suka bar shi. Kalankuwar ma ta ja baya sosai, wani wurin samari sun tafi ci-rani tun ba a gama sussuka ba, wani wurin kuma rashin tsaro ya hana taron dare, akwai garuruwan da noman kansa sai da fargaba ake yi, Allah ya kawo mana ƙarshen abin.

Amma ki gaya mata babbar godiyarmu ta kaka zakka ce. In amfanin ya kai nisabi, noman ruwan sama a dami goma a cire ɗaya, na ban-ruwa ɗaya cikin ashirin, kuma tun a gona ake fitarwa kafin hatsi ya shiga rumbu, kamar yadda ya zo a Suratul An'am cewa a ba da haƙƙinsa ranar girbinsa. Bayan haka a bar kala a gona wa tsofaffi da marasa gona. Sai cika-ciki na goma ga Muharram da ake dafa wutsiyar ragon layya da aka adana a ci a ƙoshi, shi kam ranar abinci ne sosai, sai dai yana bin watan musulunci ne, yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara, bai tsaya a lokacin sanyi ba.

Anti Merilan:

'Yar uwa sannu da zuwa ƙasar sanyi, na daɗe a nan. Ina bayan Hajiya akan taushe ɗari bisa ɗari amma abu ɗaya mai muhimmanci, GYAƊA. Mutane da yawa a nan musamman yara jikinsu baya karɓarta, ba wai ƙuraje kawai ba, numfashi ke sarƙewa sai an garzaya asibiti, dan Allah ki tambayi matar tun yau ko akwai mai wannan lalurar cikin baƙinta, in akwai ki cire gyaɗar kwata-kwata kabewar kaɗai ma na ba miya kauri, in babu duk da haka ki rubuta a 'yar takarda ki manna jikin kular.

Kayan haɗi kuma kusan duk za ki samu. Kabewar da suke sassaƙawa su ajiye ƙofar gida ƙarshen Oktoba ba ta miya ba ce ruwa ne zalla, ki nemi doguwar nan mai wuya da suke cewa butternut ita ta fi kama da tamu, in ta gwangwani za ki saya ki karanta da kyau don akwai wadda an riga an zuba mata suga da kirfa ta yin kek. Yakuwa ki je shagon Indiyawa ki ce gongura, a nan ma za ki samu 'yar tandarsu mai gurabe tana yin waina lafiya lau sai dai ƙanana. Nama kuma garinku cike yake da 'yan Somaliya, shagon halal ba zai miki wuya ba. Attarugu rabin wanda kika saba, ki tafi da yajinki daban wanda ke so ya barbaɗa.

Ku ma ki kula da abinda za ku ci, suna sa naman alade a cikin haɗin burodin da ake cusa wa talo-talo da cikin koren wake, wasu na zuba giya a romo, ki tambaya kai tsaye basa jin haushi. In hira ta kai ga tarihi, su dai suna danganta abin da walimar 1621 a Plymouth tsakanin turawan da suka zo daga Ingila da ƙabilar Wampanoag, shugaba Lincoln ya mai da ita ranar ƙasa a 1863 ana tsaka da yaƙin basasa, a 1941 majalisa ta tsayar da alhamis ta huɗu. Kuma ki sani ba kowa ke murna ba, tun 1970 wasu 'yan asalin ƙasar ke taruwa a Plymouth ɗin a ranar suna zaman makokin abinda aka yi wa kakanninsu. Su ranar sanwici da ranar kek kuwa yawanci talla ce ta 'yan kasuwa, ba hutu ba komai, kar ki haɗa su da kalankuwa.

Ɗan Zangon Kumasi:

Salam Hajiya. Ni dai da ni ne koko da ƙosai zan kai gaskiya, in ana maganar abinda ke ɗumama jiki da asubar hunturu ba kamarsa, gero da citta da kanumfari da masoro da barkono yana tururi a kofi. Mu nan Gana har waɗanda basa jin Hausa ko kalma ɗaya layi suke yi wurin mai koko da safe. Ko ba ki kai shi a matsayin abinci ba ki dama a fulas ki tafi da shi, bayan an ci an natsu ki zuba wa tsofaffin ki gani.

Ranar kuma mu muna da ita a hukumance, juma'ar farko ta Disamba ranar manoma ce hutu ne a ƙasa baki ɗaya, an fara ta 1985 bayan fari da gobarar daji da yunwar 1983, ana zaɓar manomin da ya fi kowa a ba shi kyauta, har masunta ana karramawa. Shekarar zaɓe akan dawo da ita Nuwamba. Ina mamakin yadda Kano da Katsina da Maraɗi masu cika kasuwar Dawanau da hatsi ba su da irin wannan hutun.

Maman 'Yan Biyu:

Kai nagode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Baba malam wlh har na kira mahaifiyata na karanta mata tace su ma sun yi kalankuwa suna 'yan mata bata taɓa bamu labari ba. Anti na tambayi matar, jikanta ɗaya baya cin gyaɗa, don haka ba gyaɗa. Hajiya in na cire ta me zan sa madadinta, ko in bar miyar haka? Kuma ƙullun a ina zan ajiye, kicin ɗina sanyi ne da shi.

Hajiya Babba ta Fagge:

Ki ƙara kabewar ki bari ta narke sosai, ki sa ƙashi mai ɓargo da yawa shi zai ba ta maiƙo. Kar ki sa riɗi ko agushi sai kin sake tambayarta, kuma man suyar wainar ma ki duba kar ya zama na gyaɗa, tukunya da ludayin ki wanke su tas. Ƙullu ki kunna oben ya ɗan yi ɗumi ki kashe, ki naɗe robar da tawul ki sa a ciki ki rufe, da asuba ki duba in ya yi ƙofofi a sama ya tashi kenan.