Bindiga mai baki biyu in harbin bakunan bai haɗu ba: laifin saiti ne ko na harsashi?

Maharbin Sinja: Jama'a, ni dai maganata ɗaya ce. In lambar harsashi ta yi daidai da ta bindiga, to ya yi. In bindigar ta kauce, a ɗan buga idon saiti na baya ta dawo hanya.

Maƙerin Mai Wurno: Kawu, a mai baki ɗaya haka ne. Mai baki biyu kuwa ido ɗaya ke yi wa bakunan aiki. Ka matsar da shi, harbin dama da na hagu tare za su tashi, ratar da ke tsakaninsu tana nan daram. Tun a masana'anta aka liƙe bakunan da dalma, aka karkato su kaɗan don harbinsu ya haɗu a mita 50 zuwa 100, da harsashi iri ɗaya tak. Misali bindigar da ke cin harsashi mai lamba 9.3x74R, galibi da ƙwaya mai giram 18.5 ake daidaita ta.

Maharbin Sinja: To in na sa marar nauyi, ai sai ya fi gudu. Ina aibu?

Maƙerin Mai Wurno: Aibun a shurin bindiga yake. Bakin dama in ya tashi, dama yake fizgar bindiga tun ƙwaya na ciki. Ƙwaya mai nauyi, mai jinkiri, takan daɗe a ciki, sai ramukan harbi a jikin abin da aka harba su buɗe, dama a dama, hagu a hagu. Mai sauri takan fita kafin fizgar ta cika, sai su gitta, ramin dama ya koma hagu.

Malam na Gadarif: Gaskiya ne, amma kafin a zargi harsashi a duba riƙo. Kada a ɗora ƙarfen bindiga a kan dutse ko buhun yashi kai tsaye, hannu ne zai shiga ƙarƙashi. A kafa kwali a mita 50, a harba dama, a bi da hagu cikin daƙiƙa goma, a sa alamar kowane rami da alli. A bar ta ta huce sarai, a maimaita sau uku. Ratar yatsu uku ba abin damuwa ba ce.

Maharbin Sinja: Hucewa kuma, Malam? A zafin ranar Afrilu?

Malam na Gadarif: Shi ya sa ake gwaji da sassafe. Harsashin da ya wuni a gaban mota albarushinsa yakan ƙara ƙarfi, ya gitta ba gaira ba dalili. A zamanin Turawa maƙeran Ingila sukan rage albarushi a harsashin ƙasashe masu zafi.

Maharbin Sinja: Na yarda da batun zafi. Amma a kasuwar yau, abin da ka samu shi za ka harba.

Maƙerin Mai Wurno: To gwada shi a kwali tukuna, Kawu. In ya haɗu, sayi kwalin harsashi biyu ko uku masu lambar haɗi ɗaya, wato waɗanda masana'anta ta haɗa tare, sannan ka taɓa idon saiti.