Mi za mu ce ma karti wifi da Hausa?

Mai gyara, Katako:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina neman kalma guda da za mu tsaida ma abin nan da ake sa ma ordinater ta tebur don ta kama wifi ba sai an ja mata waya daga ruter, na'urar da ke rarraba intanet, ba. Mu a shago karti wifi muke cewa, amma kati ma'anarshi ta yi yawa a garin ga, ka aiki yaro ya sawo karti wifi sai ya tafi wajen masu wifi zon ya kawo maka tike mai kod, wani kuma ya ɗauka katin kiredi kake nufi. Kuma abin iri biyu ne, akwai wanda ake buɗe akwati a soka shi cikin ɗan gajeren ramin PCIe ƙahoninshi biyu, wato eriya, su fito ta baya, akwai ƙarami kamar kile da ake sokawa a USB. Ina son sunan da zai ɗauke su duka.

Malamin makaranta, Tawa:
Wa alaikumus salam. Shi wifi kanshi a bar shi yadda yake, sunan kasuwa ne da anka raɗa a 1999, sunan fasahar na asali lamba ce, 802.11, tun 1997. Amma kakanninmu sun riga sun ba mu wayar iska, mi zai hana mu ce katin wayar iska?

Mai gyara:
Allah ya ƙara sani Malam, kalmar ta yi daɗi amma da ka haɗa kati da waya an koma katin waya ke nan, rikicin da nake gudu.

Ɗalibi, Harobanda:
Yaya to makamin rezo fa? ko majanyin rezo tunda janyowa yake

Malamin makaranta:
A'a ɗana, makami na yaƙi ne, majanyi kuma na goyo ne, duk suna da masu su.

Hajiya mai sibar, Wadata:
Ni dai abin da kunnena ke ji kullum wajen masu shigowa shi ne "ba ta kama rezo". To ku ce kama-rezo mana. Hausa ta saba da irin wanga gini, fasa-ƙwauri, share-fage, ba wanda zai tambaye ka fassara.

Ɗalibi:
Amma Hajiya ba kamawa kaɗai yake ba, yana aikawa ma

Hajiya:
Wayarka ma tana aikawa ɗana, kuma kama rezo kake cewa.

Mai gyara:
Hajiya kin kawo ta. Bari in gwada ta cikin maganar da nake ma masu saye in ji ko za ta zauna. In akwatinka irin siraran HP da Dell ɗin nan ne na hannu, kama-rezo na ciki sai mai gajeren ƙarfen ɗaurewa a bayan akwati, dogon ba ya barin murfi ya rufe, kuma ka duba ramin da kyau don tsofaffin na da farin rami dogo na PCI wanda sabon ba ya shiga. In ruter na wani ɗaki bayan bangon siminti ka tsaya kan zangon wifi na 2.4 GHz, shi ke ratsa bango, na 5 GHz ya fi gudu amma sai kusa. Kada ka zuba kuɗi kan mai Wifi 6 alhali Windows 7 gare ka, irin AX200 na Intel sai Windows 10 zuwa sama. Kama-rezo na waje kuma in yana yankewa ka sa mishi 'yar ralonj ka ɗaga shi sama, don ƙarfen akwati na tare rezon, ramin USB 3 mai shuɗin ciki kuma na damun 2.4. Na ciki in ya ɓace lokacin hunturu, kashe kuran, cire shi, hure ƙura, goge haƙoran zinaren nan ka maida, ka murɗa ƙahonin su ɗauru sosai. In yana da Bluetooth akwai 'yar wayar da sai an haɗa ta da babban allon ciki, da yawa suna mantawa su ce ya lalace.

Wallahi ta zauna a baki, na ciki da na waje, ba inda na yi tuntuɓe.

Malamin makaranta:
Na yarda, kama-rezo. 'Yan uwanmu na Najeriya sabis suke cewa ba rezo ba, su sai su ce kama-sabis, ginin guda ne.

Ɗalibi:
Yaya, kama-rezon nawa alamar rawaya yake nunawa cikin jerin kayan Windows, kuma ba intanet da zan sauko da pilot ɗin, manhajar da ke sa Windows ta gane shi

Mai gyara:
Haɗa wayarka da kabul, kunna partaj na USB don ordinater ta samu intanet ɗin wayar, ka sauko da shi ta nan sannan ka kashe ka kunna. Shi ma pilot ɗin yana son suna, direba bai yi mini ba, Malam kai da Hajiya ku taya mu tunani.