Fistin birkin baya ya ƙi komawa ciki, Honda Accord 2005

Mai EOD, Zariya:
Assalamu alaikum jama'a. Honda Accord 2005 gare ni, wadda ake ce wa EOD. Kwanan nan in na taka birki sai ƙara ta taso daga baya, da na leƙa na tarar pad ya cinye, saura ƙiris ƙarfe ya fara cin diski. Na sayo sabo, na cire taya, kalifa ma, wato ƙarfen da ke riƙe pad yana matse diski, ta fito ba gardama. Wajen fistin, wanda ke tura pad daga cikin kalifa, aka tsaya. Na gaba da kilam, wato ƙarfen matsewa, nake danna shi ya koma salin alin, wannan kuwa ko gezau. Na dakata kada in yi ɓarna. Maƙalewa ya yi, ko da wata dabara? Motar tana kan jak a ƙofar gida, Litinin kuma da ita zan fita aiki.

Ɗan Camry:
Wa'alaikumus salam. Tsatsa ce kawai, Malam. Tawa Camry 2008 ce, danna shi nake yi ya shige. Ƙara masa ƙarfi.

Tsohon Bakanike, Kaduna:
Don Allah kada ka ƙara masa ƙarfi, ƙanena. Ɗan Camry, motarka daban, tasa daban. A Camry birkin hannu yana da nasa ƙananan takalma a cikin diski, shi ya sa fistin ke shiga da dannawa. A EOD kuwa wayar birkin hannu jikin kalifar take, fistin ɗin a kan zare irin na noti yake zaune. Murɗa shi ake yi, ba turawa ba. Ka matse shi da kilam, ka kashe zaren, sai sayen wata kalifa.

Sauke birkin hannu tukuna, ka tokare tayoyin gaba. Dubi fuskar fistin, za ka ga tsagi kamar gicciye. Akwai ɗan ƙarfen da aka yi don wannan aiki, ana samu wajen masu kayan gyara a Panteka. In babu, filaya mai dogon baki ta isa: sa bakinta a tsagin, ka murɗa ta dama yadda ake ɗaure noti, kana ɗan dannawa. Da farko zai yi tauri, daga baya ya saki. Ka lura da robar da ta zagaye shi, kada ta nannaɗe ta yage, don nan ne ruwa da ƙura ke shiga.

Abin da yaran gareji suka fi tsallakewa: bayan pad na ciki akwai ɗan tsini. Dole ka tsai da fistin yadda tsinin zai faɗa cikin tsagi. In bai faɗa ba, pad zai zauna a karkace, birki ya riƙa riƙe taya, diski ya yi zafi.

Maman Biyu:
Ni ba bakanikiya ba ce, amma tawa gefe ɗaya ta riƙa cinye pad, ashe sandunan da kalifa ke zamewa a kansu ne suka bushe. A zare su a goge, a shafa girisin birki na silikon, baƙin giris yana kumbura roba. Kuma Malam, jak kaɗai ba abin yarda ba ne, ka tura tayar da ka cire ƙarƙashin motar.

Tsohon Bakanike, Kaduna:
Gaskiyarki, Hajiya. Ƙari ɗaya: duba tankin man birki kana murɗawa, man yana hawa, in ya zuba yana cin fenti. Man birki nau'in DOT 3 motar take sha. In ka gama, taka birki a tsaye har ya yi tauri kafin ka motsa motar, sannan ka ja birkin hannu ka sauke 'yan lokuta.

Mai EOD, Zariya:
Allah Ya saka da alheri, Baba. Filaya ta yi aiki, na dama ya shiga, tsinin ma ya zauna. Na hagu dai robarsa ta tsage ta ƙasa. Ana samun robar ita kaɗai, ko sai da kalifar gaba ɗaya?