Filtar infirared a kan Nikon D3100: hoto ya fito ja wur, ina kuskuren yake?

Mai Hoto Yantala ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan uwa masu sana'a. Shekara shida ke nan ina ɗaukar hoton biki da suna a nan Yamai, amma ranar Lahadin da ta wuce na koma ɗan koyo.

Na daɗe ina ganin wasu hotuna a intanet, itatuwa fari fat kamar an lulluɓe su da auduga, sama kuma baƙi ƙirin, alhali da rana aka ɗauka. Da na bi diddigi sai aka ce hoton infirared ne, hasken da idon mutum ba ya gani, wai filta kawai ake ɗaurawa a bakin kyamara. Na roƙi wani ɗan uwana mai zuwa fatauci ya nemo mini. Ya kawo mai milimita 52, daidai bakin gilashin kyamarata 18-55, an rubuta 720 a jikin zoben, babu sunan kamfani. A hannu baƙa ce kamar gindin tukunya, sai ka ɗaga ta saitin ƙwan lantarki kake hango ɗan ja-ja.

Na sauka lambunan bakin kogi wajen ƙarfe biyar na yamma, lokacin da na saba samun haske mai kyau. Ina ɗaura ta na leƙa, duhu dulum. Kyamara ta yi ta kai da komo tana neman saiti, wato inda hoto zai fito ras, ta kasa. Na mayar da ita saitin hannu, na kai ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, 3200, na riƙe da hannuna na danna. Abin da ya fito: ja wur, dishi-dishi, ga tsakuwa-tsakuwa kamar an watsa yashi, ga wani farin da'ira a tsakiya. Wani dattijo da ke ban ruwan salati ya ce in nuna masa, da ya duba sai ya ce, "Malam, gobara ka ɗauka?"

Jikka goma sha biyu na biya. Jabu aka kawo mini, ko kyamarar ce ba ta iya ba?

Tsohon Studiyo ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana. Kwantar da hankalinka, jan nan da ka gani shi ne shaidar filtar tana aikinta. Kai ne ka je mata da ɗabi'ar biki.

Ƙarfe biyar na yamma ai ka makara. Wannan aiki na tsakar rana ne, daga sha ɗaya zuwa biyu, lokacin da mu masu hoto muke gudun rana don tana ƙona fuskar amarya. Kuma ba a riƙewa da hannu. Nemi mai ƙafa uku ka kafa, ka kashe VR mai rage rawar hannu, ka sauko da ISO zuwa 200 ko 400, ka sa ƙofar haske a f/8, ka bar kyamara a buɗe sakan 10, ka duba, in ya yi duhu ka ƙara zuwa 20 ko 30. Kada ka danna da yatsa, sa mai ƙirga lokaci ya danna maka. Ramin leƙawa ma toshe shi, don haske yana shiga ta baya ya ɓata hoto. Akwai ɗan murfinsa da yake zuwa cikin kwali, kowa jefar da shi yake yi. In ya ɓata, hularka ta isa.

Maganar dishi-dishi ita ce ta fi muhimmanci. Ka tsara hotonka ka yi saiti tun filta ba ta hau ba, sannan ka murɗa ta a hankali ba tare da ka taɓa zoben saiti ba. Ko da haka ma ba zai fito ras ba, domin wannan haske ba ya taruwa a daidai inda hasken da muke gani yake taruwa. Ina da wani tsohon gilashin Nikkor 50 tun zamanin fim, a jikinsa akwai ɗan ɗigon ja kusa da layin saiti. Yaran da na koya wa aiki sun sha tambayata ko fenti ne ya ɗiga. Wannan ɗigo na infirared ne: ka yi saiti yadda ka saba, ka karanta nisan, sai ka juyo da shi kan jan ɗigon. Naka na zamani ba shi da shi, don haka sai ka juya kaɗan wajen kusa, ka ɗauka, ka ƙara girman hoton a allo ka duba ganye, ka sake. Sau uku ko huɗu za ka gano wurin.

Farin da'irar tsakiya kuwa halin wasu gilasai ne, kuma yana ƙaruwa in ka matse ƙofar haske. Na rantse f/16 ko f/22 ka sa don neman kaifi. Koma f/8 ko f/5.6.

Malamar Fizik Tawa ta rubuta:

Baba ya gama maganar aiki, Allah ya ƙara lafiya. Ƙanena, bari in ƙara maka dalili, don in ka san shi ba za ka ƙara zargin ɗan uwanka ba.

Idonmu yana ganin haske daga kusan nanomita 400 zuwa 700, nanomita kuwa ma'aunin tsawon zangon haske ne. Lambar 720 da ke jikin filtarka tana nufin ta tare kusan duk abin da ke ƙasa da nan, ta bar na sama ya wuce. Sensar kyamara, wato farantin cikinta da ke karɓar hoto, tana iya jin wannan haske har wajen 1000, amma kamfani ya manna wani ɗan gilashi a gabanta don ya tare shi, saboda kada launin fata da na tufafi su lalace. To ka ga filta biyu ke nan suna faɗa, ɗaya a waje ɗaya a ciki, ɗan abin da ya tsira tsakaninsu shi kake ɗauka. Shi ya sa sakan 20 da rana tsaka. Gwada wannan da dare: saita rimot ɗin talabijin a bakin kyamara, kunna allon gani kai tsaye, danna maɓalli. Ɗan hasken da za ka gani yana ƙyaftawa, idonka bai taɓa ganinsa ba.

Ganye yana fitowa fari ne don cikinsa yana mayar da wannan haske da ƙarfi. Wani masanin Amurka, Robert Wood, ya wallafa irin waɗannan hotuna tun 1910, har ana kiran abin da sunansa. Ruwa kuwa shanye shi yake yi, shi ya sa kogi zai fito maka baƙi.

Abin da hotunan Turai ba za su gaya maka ba shi ne ƙasarmu. Yashi ma haske yake fitowa. Na taɓa ɗaukar wata bishiya a fili a bayan gari nan Tawa, ganye fari, ƙasa fari, abin ya zama kamar kunu. Sai ka nemi inda ganye zai jingina da sama ko da ruwa. Ni gawo ya fi yi mini, tun da shi da rani yake ganye lokacin da sauran suka kaɗe, ga shi tsaye shi kaɗai, sama a bayansa. Amma ranar da hazo ya sauka, ajiye kyamararka. Ƙurar hunturu ba ta barin sama ta yi baƙin nan da kake so.

Don jan launi, ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba. A kwamfuta ka saita fari a kan ganyen da rana ta haska, ja zai sauka. In kana son sama shuɗiya, musanya tashar ja da ta shuɗi a manhajar gyaran hoto kamar GIMP ko Photoshop. In ba ka son wahala, mayar da shi baƙi da fari kawai.

Ɗan Harobanda ya rubuta:

Yaya, tun da gilashin ciki ne matsalar, me zai hana a cire shi? Na ga ana yi a YouTube, sukurdireba kawai. Kuma Malama, in an cire, za a iya ganin zafin jikin mutum cikin duhu kamar na sojoji?

Tsohon Studiyo ya rubuta:

Ana cirewa, kuma bayan nan har da hannu kana iya ɗauka. Amma kyamarar ta bar aikin biki ke nan, ga ƙurar Yamai tana jiran ka buɗe mata sensa. Wanda yake cin abinci da kyamara ɗaya ba ya kai mata sukurdireba. Zafin jiki kuwa wani zango ne can nesa, kyamararsa daban, gilashinta daban. Taka ba za ta gan shi ba ko ka cire mata komai.

Mai Hoto Yantala ya rubuta:

Baba, Malama, Allah ya saka da alheri. Jiya na koma, ƙarfe sha biyu da rabi, da mai ƙafa uku da na aro wajen maƙwabcina. Zufa har cikin ido.

Baba, f/22 na sa ranar, ka kama ni. Da na koma f/8 da'irar ta kusa ɓacewa. Saiti sai a karo na biyar ya zauna, na sa ɗan farin salatif a jikin zoben don kada in manta wurin. Saitin fari a cikin kyamara ta ƙi karɓa sam, sau uku tana ce mini ba ta iya aunawa ba, sai a kwamfuta na yi.

Wanda ya fi kyau na ɗauka a ISO 400, sakan 15. Mangwaro biyu fari tas, goruba a gefe kamar an zana ta da alli, kogi a baya baƙi sumul babu ko ɗigon igiyar ruwa. Wani mai kwalekwale ya ratsa ana cikin ɗauka, bai fito ba sai wata inuwa doguwa kamar hayaƙi. Abin da ya ba ni haushi iska ce. Ko ɗan kaɗawa ta yi, saman itatuwa sai ya zama kamar an shafa da hannu, cikin hoto sha takwas huɗu ne kawai ganye ya tsaya.

Dattijon salatin yana nan, na nuna masa a waya yau da safe. Ya daɗe yana kallo, ya ce wannan ba lambunsa ba ne. Sai da na nuna masa bokitinsa a gindin mangwaro.

Malama, in na zo Tawa bikin ƙanwar matata a watan Janairu, ta wace hanya zan bi in samu gawon nan da ba sai na yi nisa da gari ba?