Vokal ɗin Baba da kalmar da ta tada ƙura

Gurup ɗin WhatsApp na gidanmu na Tawa, a Nijar, daren Juma'a.

Auta (ɗalibi a Yamai): Don Allah a rage vokal, wato saƙon murya. Jiya Baba ya turo na minti 9, gaisuwa kaɗai ta ci minti 3: ina gajiya, ina zafi, yaya ruwa. Forfen intanet na dala ɗari ta sefa ya tafi. Mu a TikTok kafin minti guda an gama magana. A riƙa rubutawa, wannan ai jahilci ne.

Kawu (Abijan): Jahilci? Mutumin da ya sauke Alƙur'ani tun ba a haife ka ba?

Auta: Kawu, ɗabi'ar nake nufi, ba Baba ba.

Yaya Malama: Magana zarar bunu ce, Auta. Kafin salula ta zo, wasiƙun da Baba ke aika wa su Kawu da ajami yake rubuta su, da hannunsa, a ba mai tafiya. Rashin boko daban, jahilci daban. Kuma tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa, Faransancin da kake taƙama da shi harshen aiki ne.

Ɗan Gwaggo (Libiya): Ni dai gaskiya Auta bai yi ƙarya ba. Amma WhatsApp na da wurin ƙara sauri, ka danna 2, minti 9 ya koma huɗu da rabi.

Kawu: Ka hanzarta muryar wanda ya haife ka? Shekara nawa ina bida a nan, muryar nan ce ke kai ni gida. Har kukan awakin tsakar gida nake ji a bayanta.

Gwaggo: Tunda an ambaci TikTok, wa ya sa bidiyon ƴata tana rawa a bikin Illela? Surukanta sun gani!

Auta: Ba ni ba ne.

Ɗan Gwaggo: Bikin da wasu ba su ba da ko dala ba?

Kawu: Faɗi suna in ka isa.

Ni babbar yaya, mai riƙe da gurup: Ya isa haka. Abin da na fahimta, yawancinmu mun yarda Auta ya yi wa Baba rashin kunya, kuma TikTok ce ta koya masa gajen haƙuri. Inna ba ta karatu, vokal ne kaɗai hanyar da take jin ɗanta na Libiya, don haka ba za a rage ba. Auta, gobe ka kira Baba ka ba shi haƙuri. Kuɗin forfe ni zan tura maka.